Lambar inji ta goge ba shi ne sata ba, a buɗe wa masu haɗa mota da hannunsu hanyar rajista

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Dan Allah ka ɗan sammin fili in yi magana akan wata matsala da ba kasafai nake ganin ana kawota a jarida ba amma tana ci wa masu sana'ar hannu tuwo a ƙwarya, wato yi wa motar da mutum ya haɗa da hannunsa rajista idan lambar injinta bata karantuwa. Ni bakanike ne kuma na daɗe ina hulɗa da masu walda da masu ƙere-ƙere, shi yasa abun yake damuna har na kasa yin shiru.

Mutum zai zauna ya zana motarsa, ya yanka ƙarfe ya yi waldar casis, wato ƙashin motar, da kansa, ya nemo giyabos a wani wuri, ya nemo inji na hannu daga wata mota da ta yi hatsari ko ta tsufa aka farke ta, ya kwashe wata da watanni wani ma shekaru yana ɗaurawa yana kwancewa har motar ta tashi ta yi tafiya lafiya lau, birki na ci, fitila na kamawa, komai daidai, sai ranar da ya kai ta wajen masu dubawa jami'i ya sunkuya da tocila ya ce ina lambar inji, a nuna masa wurin, ya duba ya ga tsatsa ta cinye rabi, wannan 3 ce ko 8, wancan B ne ko 8, ya ɗago ya ce shi bazai iya cike fom da wannan ba. To daga nan fa wahala ta fara. Wannan ofis ya tura ka wancan, wancan ya ce ba aikinsu bane, wani ma kallon ɓarawo zai fara maka tun kafin ka buɗe baki. Motar da aka sha wahala akanta sai ta koma ta zauna a gareji tana tara ƙura saboda haruffa biyu ko uku da ido baya iya gani.

Abu na farko da nakeso mutane su gane shi ne lambar inji daban, lambar casis daban. Lambar casis wadda ake ce wa VIN ita ce shaidar motar gaba ɗaya, kuma tana da tsari da duniya ta yarda da shi, haruffa da lambobi 17 ne cif, tun 1981 Amurka ta wajabta hakan ga duk motar da za a sayar a ƙasarta, kuma da gangan aka cire I da O da Q daga ciki dan kar a rikita su da 1 da 0. A motocin Arewacin Amurka ma lamba ta tara ta tantancewa ce, ana lissafa ta ne daga sauran, idan ka kwafi ɗaya ba daidai ba lissafin zai ƙi fita. Ita kuwa lambar inji babu wannan gatan. Kowane kamfani da yadda yake rubuta tasa, wani doguwa wani gajera, wani ya fara da samfurin injin sannan lambar jeri ta biyo baya, kuma kowa da inda yake bugawa, wani kusa da inda bulok, wato gangar jikin injin, ya haɗu da giyabos, wani ƙarƙashin bututun hayaƙi inda zafi ke dukanta kullum, wani bayan kik, wani sai ka sa madubi kafin ka hango. Motar da aka haɗa a gida bata da lambar casis ta kamfani sam, hukuma ce zata bata, shi yasa jami'i yake maƙale wa lambar inji, dan sau da yawa ita kaɗai ce lambar kamfani da ke jikin motar wadda zai iya bin sawunta.

Kuma wannan dogaro da lambar inji tsohon abu ne. A zamanin Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, lambar injin ita ce lambar motar, kuma jihohi da yawa a Amurka sun ci gaba da rajista da lambar inji har cikin shekarun 1950. Aka zo aka ga tsarin baya ɓullewa, dan inji abu ne da ke mutuwa a canja shi, mota ɗaya sai ta cinye inji biyu ko uku a rayuwarta, shi yasa aka mayar da nauyin kan casis. Amma fom ɗin ƙasashe da yawa har yau akwai gurbin lambar inji, kuma kwamfutar ofis bata yarda a bar gurbin fayau.

Yanzu me ke goge lambar in ba ɓarawo ba? Wallahi abubuwa da yawa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya sani. Bulok na baƙin ƙarfen zubi yana tsatsa, in ruwan lagireto ya daɗe yana ɗiga a wurin ko motar ta yi rayuwarta a bakin teku ko a ƙasashen sanyi da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sai kaga fuskar wurin ta ɓarɓashe. Na alminiyam kuma wani farin gari yake yi yana cin ƙarfen rami-rami. Sabbin injina ma ba da fanci, wato ƙarfen da ake duka ya fitar da harafi, ake buga musu ba, ɗigo-ɗigo ne na'ura take yi ko kuma da leza, rubutun bashi da zurfi ko kaɗan, tsatsa kaɗan ta ishe shi. Sai masu gyara da suke wanke bulok da feshin yashi su bi da fenti mai kauri. Sai kuma babbar, wato wasa saman bulok. In inji ya yi zafi ya ƙona gaskit fuskar bulok ta lanƙwashe, ana kai shi wajen masu injin wasa su aske saman ya daidaita, to akwai injinan da lambarsu a kan wannan fuskar take, misali tsohon V8 na Chevrolet da masu haɗa mota suke so sosai, lambarsa tana kan wani ɗan fili a gaban kan silinda daidai da saman bulok, wuƙar injin wasa na wucewa sau ɗaya shikenan ta tafi, kuma mai wasan gyara ya yi ba ɓarna ba. Akwai ma bulok sabo fil da kamfani ke sayarwa a matsayin kayan gyara wanda wurin lambarsa fili ne ba a buga komai ba. To dan Allah wanda ya sayi irin wannan me ya sata?

Wani kuskure da nake gani kullum, mutum ya ga wasu manyan lambobi da suka taso a jikin bulok ya kwafe su ya kai ofis yana murna. Waɗannan lambar zubi ce, tun a maƙera aka zubo su tare da ƙarfen, kuma dubban bulok ne ke ɗauke da irinta sak. Lambar da ake nema ita ce wadda aka buga ta nutse ciki akan wani ɗan wuri da aka share ya yi sumul. Amma kar a raina ta zubin, ita da ranar zubi da wasu kamfanoni ke sawa a gefenta suna nuna samfurin injin da lokacin da aka yi shi, kuma zasu yi maka amfani in an zo tantancewa.

In ka samu wurin, kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto, ɗaya daga nesa da zai nuna injin duka, ɗaya kusa da kusa, dan ka samu shaidar yadda ka same shi. Sannan ka wanke baƙin mai da giris da kananzir ko man wanke inji, ka sa tsohon burushin haƙori, in bulok ɗin na baƙin ƙarfe ne zaka iya sa burushin tagulla mai laushi, in na alminiyam ne ka tsaya akan na roba. Tsatsa kuma jiƙa ta ake yi da man kwance noti a barta ta kwana, a goge, a sake jiƙawa, abun haƙuri yake so. Yawancin lambobin da ake cewa sun ɓace wallahi suna nan, datti ne ya cike ramin. Bayan wurin ya bushe ka bari sai duhu ya yi ka kwantar da tocilar waya a gefe ta yadda hasken zai bi ta kan ƙarfen a kwance, inuwa ce zata faɗa cikin ramin harafin ta fito maka da shi, in ka haska daga sama kai tsaye babu abunda zaka gani sai ƙyalli. Ka juya hasken ta hagu ta dama ta sama ta ƙasa kana ɗaukar hoto, ka buɗe hotunan a babban allo. Zaka iya goga alli ka share saman da yatsa farin ya zauna a ramin, ko ka manna tef na takarda ka bi da gefen fensir a hankali. Sannan ka duba sauran wurare, wasu kamfanoni irin Volkswagen suna manna sitika mai lambar inji akan murfin bel na taimin, wasu suna rubutawa a littafin sabis na motar, kuma takardun motar da aka ciro injin daga cikinta sau da yawa suna ɗauke da lambar cikakkiya.

Abunda yasa na ɗauki biro tun farko shi ne wannan da zan faɗa yanzu. Dan girman Allah kar ka sa giranda a wurin, kar ka sa samfefa mai kaushi, kar ka ɗaura burushin waya a dirila ka bi ta kai, kuma uwa uba kar ka sayo fanci ka ce zaka maimaita lambar akan tsohuwar dan ta fito sosai. Nasan zuciya tana raya wa mutum hakan, zai ce ai lambata ce, ai na ga 8 ce kawai ƙara mata zurfi zan yi, kuma akwai masu ba da wannan shawarar a gareji da kyakkyawar niyya. Garin neman gira ne za a rasa ido. Jami'in da ya san aikinsa da kallo ɗaya yake gane bugun hannu, haruffan kamfani suna da siffarsu da girmansu, a jere suke zurfinsu ɗaya tazararsu ɗaya, na hannu kuwa wani ya ɗaga wani ya sauka wani ya karkace, ga kuma sawun giranda a ƙasa maimakon sawun injin wasa na kamfani. Daga lokacin da ya ga haka maganarka ta tashi daga lambar da tsatsa ta ci ta koma lambar da aka taɓa, kuma taɓa lambar shaidar mota laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa, a Amurka dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya goge ko ya canja lambar shaidar mota ko ta sassanta da gangan. Mai gaskiya ne zai jefa kansa cikin sahun ɓarayi da hannunsa, a kama injin, wani lokacin harda motar.

Kuma ba maganar doka kaɗai ba, kana ɓata hujjar da zata wanke ka ne. Lokacin da fanci ya daki ƙarfe ba saman kawai yake lotsawa ba, ƙarfen da ke ƙarƙashin harafin ma yana matsewa ya canja yanayi har zuwa wani zurfi da ya wuce ramin da ido ke gani, kamar yadda in ka danna biro da ƙarfi a littafi shafin ƙasa ma yake ɗaukar sawun rubutun. Saboda haka ko an aske saman, siffar lambar tana nan a ɓoye cikin ƙarfen. Masu binciken kimiyya na 'yan sanda suna goge wurin ya yi sheƙi sannan su shafa wani ruwan asid, ga ƙarfe akwai wanda ake kira ruwan Fry, haɗin asid ne da gishirin tagulla, ga alminiyam kuma wani haɗin daban suke amfani da shi, sai wurin da ya matse ya ciwu da sauri daban da na gefensa, lambar ta bayyana kamar inuwa. Akwai kuma hanyar maganaɗisu, a sa wa ƙarfen maganaɗisu a zuba ruwa mai garin ƙarfe, garin ya taru ya zana harafin, wannan bata cin ƙarfen amma sai akan ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Ta asid ɗin dama ɗaya ce kusan, lambar tana fitowa na ɗan lokaci a ɗauki hoto sannan ta dushe, in aka ci gaba da shafawa a cinye wurin baki ɗaya. To kaga in ka riga ka bi da giranda ka zurfafa, ko ka buga sabon harafi akan tsoho, ko ka sa wutar walda a wurin, ka rikita wancan sawun na ƙasa, babu mai iya fito maka da shi kuma. Shi yasa ko asid ɗin ma bana goyon bayan mutum ya gwada a gida dan ya gani a bidiyo, banda haɗarin ƙuna da hayaƙinsa, ko lambar ta fito babu jami'in da ya shaida, ka ƙona damarka a banza.

In ka yi duk wankin da ya dace harafi biyu sun ƙi fitowa, kar ka cike fom da kintace. 3 da 8, 5 da 6, 1 da 7, S da 5, D da 0, duk suna kama da juna in tsatsa ta taɓa su. Ka rubuta abunda ka gani, ka nuna gurbin da baka gani ba, ka faɗa wa jami'i da bakinka tun kafin ya gano. In ka kintata ka yi kuskure lambar zata iya faɗawa kan injin wani da ke yawo a titi ko ma wanda aka kai rahoton sacewa, kuma kai ka sa hannu akan fom ɗin.

Malam Edita, bana cikin masu zagin jami'ai akan wannan. Satar mota gaskiya ce, kuma ɓarayi sun fi son su farke mota su sayar da inji daban giyabos daban dan sawu ya ɓace, goge lamba kuma shi ne aikinsu na farko. Har hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol tana da rumbun bayanan motocin sata da ƙasashe ke dubawa. Jami'in da ya sa hannu akan injin da baya iya karanta lambarsa, in daga baya ta tabbata na sata ne shi za a tuhuma, to dole ya yi taka tsantsan, kuma in aka ce duk wanda ya zo da cewa ni na haɗa motata a wuce da shi ba bincike, ɓarayi ne zasu fara yin layi. Ƙorafina shi ne a wurare da dama babu rubutacciyar hanya da za a ce wa mai gaskiya bi nan, jami'in kansa bai san mataki na gaba ba, sai ya ce a'a kawai dan ya tsira. Kuma inda babu hanya a rubuce nan ne 'yan kan-ta-waye suke shigowa su ce kawo kaza mu buga maka lamba mu fito maka da takarda, wato rashin tsarin da kansa ne yake haifar da lambar jabun da ake gudu.

Alhali akwai ƙasashen da suka warware wannan tuntuni. A Ingila haɗa mota a gida tsohuwar al'ada ce, motar Lotus Seven tun 1957 aka fara sayar da ita a warwatse mutum ya ɗaura da kansa, kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973 kuma har yau yana yi. Can duk motar da aka haɗa sai ta bi gwajin tantance ingancin mota da ake kira IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, sannan hukumar rajistar motoci ta DVLA ta yi mata rajista, kuma in an kasa tabbatar da shekarun motar ko asalin kayanta ba a korar mutum, lambar rajista ake bashi mai farawa da harafin Q, tun 1983 suke haka, ya hau motarsa, duk mai saye nan gaba kuma ya san akwai abunda ba a tabbatar ba a tarihinta. A tsarin maki da suka yi shekaru suna auna motocin da aka yi wa babban sauyi da shi, casis maki 5 ne, inji maki 1 tak, wannan kaɗai ya nuna maka inda suka ɗora nauyin shaida. Amma ko a can lambar inji tana da tasiri ta wani ɓangaren, dan gwajin hayaƙi ana yinsa ne gwargwadon shekarun injin, in baka da hujjar shekarunsa sai a auna ka da ma'auni mai tsauri wanda tsohon inji mai kafireto bazai iya ci ba, nan ne wasiƙar kamfani mai nuna shekarun injin da kuma lambar zubin da na ambata suke ceton mutum.

A jihar Kalifoniya ta Amurka suna da rukuni na musamman na motocin da aka haɗa, ka kawo rasit na manyan kayan, 'yan sandan kan hanya su duba su tabbatar babu na sata sannan su ba motar lambar casis ta hukuma, har ma akwai dokar da ake kira SB 100 da ke ba motoci 500 na farko a kowace shekara sassauci wajen gwajin hayaƙi. A jihohin Ostareliya in lambar inji ta lalace ko babu ita, bayan bincike hukuma tana ba da lambar madadi a buga a jikin bulok a shigar da ita a rajista. Afirka ta Kudu ma haka, motar da aka haɗa sai ta samu takardar wankewa daga 'yan sanda, in lambar casis ko ta inji ta samu matsala su suke ba da tasu a buga, kuma tun 2012 suka wajabta fesa wa sabbin motoci wasu ƙananan ɗigo dubbai da kowanne ke ɗauke da lambar shaida, ta yadda ko an goge ta bulok ɗigon suna nan a lungu-lungu. Duk waɗannan ƙasashen suna fama da satar mota, Afirka ta Kudu ma sosai, amma basu mayar da tsatsa laifi ba.

Saboda haka kirana ga hukumomin rajistar mota a duk inda babu wannan tsari shi ne su rubuta shi su manna a bango kowa ya gani. A samu fom guda na injin da lambarsa bata karantuwa. A samu jami'in da aka koya wa bambanta tsatsa da sawun giranda, da bugun kamfani da bugun hannu, dan ba kowane mai duba fitila da birki ne ya san wannan ba kuma ba laifinsa bane. A bincika sashen lambar da ya fito da lambar casis ta motar da aka ciro injin a rumbun motocin sata. In akwai shakka a tura wa masu binciken kimiyya su fito da ita a gaban shaida, in babu matsala hukuma ta ba da sabuwar lamba mai alamarta a buga a wani wuri daban kusa da tsohuwar ba a kanta ba, a rubuta a takardun motar cewa lambar hukuma ce. A faɗi kuɗin a fili a ba da rasit, a sa wa'adi, dan mutum ya san ranar da zai dawo. Wanda aka kama da na sata kuwa doka ta yi aikinta akansa, babu mai tausaya masa.

Su ma masu injin wasa da masu gyaran inji akwai nasu. Kafin ka aske saman bulok ka duba ko lambar tana kan hanyar wuƙa, in tana nan ka faɗa wa mai shi, ka ɗauki hoto, ka rubuta lambar a rasit ɗin aikin da cewa kai ka wasa, sau da yawa ma ana iya tsayar da wuƙar kafin ta kai wurin. Wannan ɗan rubutun na layi biyu yana iya zama abunda zai hana a kulle bawan Allah.

'Yan uwana masu haɗa mota kuma, ranar sayen inji ce ranar da ake gama wannan magana ba ranar rajista ba. Ka tafi da tocila da tsumma da ɗan kananzir, kafin ka saurari ƙarar injin ka nemi lambarsa ka karanta da idonka, in bata karantuwa ga wani a gefe mai karantuwa to ka ɗauki wancan ko da ya ɗan fi tsada. In kuma dole sai wannan ɗin, a rubuta maka rasit mai sunan mai sayarwa da adireshinsa da samfurin injin da abunda ya fito na lambar, a rubuta ƙarara cewa sauran ya goge, ku sa hannu ku biyu, ka karɓi lambar casis ta motar da aka ciro shi da kwafin takardunta in akwai, in injin yana cikin motar ma tukuna ka ɗauki hotonsa a ciki kafin a sauke. Da wannan lambar casis ɗin zaka iya rubuta wa kamfanin ko dilansa, dan kamfanoni da yawa suna ajiye bayanin wane inji aka sa a wace mota ranar da ta fito daga masana'anta. Mai sayarwar da ya fara kame-kame da ka tambayi daga ina injin ya fito, ko ya ce kar ka damu shi zai sa a buga maka lamba, ka bar masa kayansa. Sannan ka je ofishin rajista ka yi tambaya tun injin yana ƙasa kafin ka ɗaura shi, dan duba lamba a bulok da ke kan benci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba akan wanda aka riga aka cusa cikin mota aka rufe da bututu da wayoyi, in ma suka ce sai an kai shi bincike inji kaɗai zaka ɗauka ka kai, aikin jikin motar yana ci gaba a gareji.

Nagode Malam Edita da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku, wani bakanike mai karanta jaridarku a kullum.